Mene ne "Mulkin Sama" a koyarwar Kirista?

Duk mai maƙwabtaka da Kirista a kasuwa ko ofis yakan ji ana ambaton "Mulkin Sama". Kalmar mulki kan sa wasu su zaci batun sarauta ko siyasa ake yi. Ma'anar tana fitowa ne idan aka duba Bisharar Matiyu, littafin farko na Sabon Alkawari mai sura 28, wanda Kiristoci ke jingina shi ga wani almajirin Yesu da ya taɓa yin aikin karɓar haraji.

Matiyu ya gina littafinsa a kan cikar annabci. Sau da dama yakan ba da labarin wani al'amari, sannan ya danganta shi da abin da annabawan Tsohon Alkawari suka faɗa. Haihuwar Yesu a Baitalami ya haɗa ta da annabcin Mika, haihuwarsa daga budurwa da na Ishaya, shigarsa Urushalima bisa jaki kuwa da na Zakariya. Malaman Yahudawa ba su yarda da wannan fassara ba, amma ga Kirista ita ce hujjar cewa Almasihun da aka yi alkawari ya zo.

Daga nan batun mulki ya taso. Lafazin "Mulkin Sama" ya zo fiye da sau 30 a littafin, alhali Markus da Luka "Mulkin Allah" suke cewa. Masana da yawa na ganin Matiyu ya bi al'adar Yahudawa ne ta kauce wa furta sunan Ubangiji don girmamawa. Jama'ar wancan zamani na jiran sarkin da zai kori Romawa, sai Yesu ya siffanta mulkin da ƙananan abubuwa. A sura ta 13 ya kamanta shi da 'yar ƙwayar iri mai zama itace, da yisti a cikin gari, da ɗan kasuwar da ya sayar da duk abin da ya mallaka domin ya sayi lu'ulu'u guda mai daraja. Wato ikon Allah ne da ke farawa a zukata da halaye, cikarsa kuma sai ranar shari'a.

Littafin ya rufe da umurni ga almajirai su tafi ga dukan al'ummai, suna koyarwa suna yin baftisma. Wannan ne tushen aikin bishara. Shi ya kawo Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham Legas a 1893 da nufin isa ƙasashen Sudan, wato yankin da ya haɗa da ƙasar Hausa. Biyun farko sun rasu a 1894, amma mishan ɗin SIM ya ɗore, daga cikinsa Ikkilisiyar ECWA ta fito a 1954. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932.

Har yau Kiristoci na muhawara kan inda nauyin aikin ya fi karkata: wa'azi, ko hidimar makarantu da asibitoci da ciyar da mabukata. Kowane ɓangare a Matiyu yake samun hujjarsa.