Goyon da Ba a Saukewa: Rayuwar Gidan da Ke Renon Yaro Mai Galahanga

Goyo a ƙasar Hausa yana da wa'adi. Yaro ya shekara ya fara tatata, ya kusa shekara biyu a yaye shi, zanin goyo ya koma jiran ƙaninsa. Amma akwai matan da wannan wa'adi bai zo musu ba. Wanda ya yi sammako zuwa sashen gashi na Asibitin Ƙashi na Dala, ko na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, zai gan su jere a kan benci. Kowacce da ɗan shekara huɗu ko biyar a bayanta, ƙafafunsa suna reto har kusan gwiwarta, kansa ya langaɓe gefe guda, ta mayar da hannu baya tana tallafe shi. Idan ka tambaye su yadda abin ya fara, amsar kusan iri ɗaya ce: "Bai yi kuka ba da aka haife shi." Ko kuma: "Shawara ya yi kafin suna." Sai kuma maganar da kowaccensu ta sani: "Har ya yi wata shida wuyansa bai tsaya ba."

Yawancin waɗannan yara suna da lalurar da ake kira galahanga. Mutane kan haɗa lalurori daban-daban su kira su da wannan suna, amma wadda nake nufi a nan ita ce shanyewa ko sandarewar jiki da ke biyo bayan raunin da ƙwaƙwalwar yaro ta samu tun tana ɗanya. A duniya baki ɗaya, cikin kowane jarirai 1,000 ana samun kamar biyu zuwa uku da ita, kuma adadin ya fi haka a ƙasashen da asibiti ke da nisa da mai naƙuda.

Ina matsalar take?

Ƙwaƙwalwa ce ke ba gaɓoɓi umarnin motsi. Idan ɓangaren da ke wannan aiki ya samu rauni tun yaro yana ciki, ko wajen haihuwa, ko a farkon rayuwarsa, sai saƙo ya daina isa daidai. Ƙashi lafiyarsa ƙalau, nama ma haka, umarnin ne yake zuwa a karkace. Mafi yawansu jikinsu sandarewa yake yi, hannu a dunƙule, ƙafafu a harɗe kamar almakashi. Wasu kuma jikin ne ke murɗewa yana motsi ba da son ransu ba. Akwai mai tafiya da ɗan ɗingishi, akwai wanda ko zama ba ya yi sai an tokare shi.

Wani likitan ƙashi ɗan Ingila, William Little, wanda shi kansa ya tashi da nakasar ƙafa sanadin shan inna, shi ne ya gabatar wa likitocin Landan cikakken bayanin wannan lalura a 1861, ya kuma danganta ta da wahalar haihuwa. Galahanga daban, shan inna daban. Shan inna ƙwayar cuta ce da ake ɗauka, tana kama jijiyoyin laka ta bar ƙafa a sake, kuma allurar rigakafi ta yi maganinta har aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar a watan Agustan 2020. Galahanga ba a ɗaukarta, kuma raunin da ke ƙwaƙwalwa ba ya ƙaruwa. Abin da ke ƙaruwa shi ne illar da rashin motsi ke yi wa jiki: gaɓoɓi su ƙage, ƙashin ƙugu ya goce daga gurbinsa, gadon baya ya karkace. Waɗannan kuwa kulawa tana iya rage su ƙwarai.

Kwanakin da ke kafin suna

A wajenmu sanadin da likitocin yara suka fi gani su ne doguwar naƙuda da ke hana jariri iska, haihuwar bakwaini, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, da kuma shawarar jarirai. Ta ƙarshen nan ta fi cin rai, domin maganinta yana da sauƙi idan an zo da wuri.

Jarirai da yawa jikinsu kan yi ɗorawa a kwanakin farko, saboda hantarsu ba ta gama ƙwari ba wajen tace dattin da ke fitowa daga rugujewar ƙwayoyin jini. Yawanci abin yana wucewa da kansa. Amma idan dattin ya taru ya wuce iyaka, sai ya ratsa cikin ƙwaƙwalwa ya yi ɓarnar da ba ta gyaruwa, sau da yawa har da kurumta. Akwai wani ƙarancin sinadari na gado a cikin jini, wanda ya yawaita a Najeriya musamman tsakanin 'ya'ya maza, da ke sa jinin jariri ya ruguje da sauri idan ya haɗu da wasu abubuwa. Cikinsu akwai kafur ɗin da muke zubawa a akwatin kayan jariri, akwai kuma lalle.

Maganin shawarar shi ne a sa jariri ƙarƙashin fitila mai shuɗin haske. Wata ma'aikaciyar jinya a asibitin Rochford da ke Ingila, Jean Ward, ita ce ta lura cewa haske yana rage ɗorawar jikin bakwaini, aka wallafa binciken da ya tabbatar da haka a 1958. Idan abin ya tsananta sai a canza wa jariri jini. Saboda haka duk jaririn da idonsa ya yi ɗorawa tun ranar farko, ko ɗorawar ta sauka har tafin hannu da ƙafa, ko ya ƙi kama nono, ko yana kuka mai tsini yana banƙarewa, asibiti za a nufa da shi a ranar. Ruwan gulukos da jiƙo ba sa magani, shanya shi a rana tsirara kuma ƙona shi zai yi. Jiran a gama suna ya jawo wa gidaje da yawa goyon shekaru.

Wuni guda a gidan

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da ke ɗaukar sauran yara minti goma, wato cin abinci, yana iya cin sa'a guda ga yaron da ba ya iya tauna da haɗiya sosai, kuma sau huɗu ko biyar za a yi a wuni. Idan aka kwantar da shi rigingine aka ba shi, ko aka yi masa ɗura kamar yadda aka saba yi wa yara masu ƙin kunu, abincin yana iya bin hanyar iska ya sauka a huhu. Daga nan ciwon haƙarƙari ke tasowa, kuma yana cikin manyan abubuwan da ke ajalin irin waɗannan yara. Abin da masu gashi ke koya wa iyaye shi ne a zaunar da yaro a miƙe, haɓarsa ta ɗan sunkuya, a ba shi kaɗan-kaɗan da ƙaramin cokali, a jira ya haɗiye. Kunu mai kauri ya fi ruwa-ruwa sauƙin haɗiya ga yawancinsu, kuma tun da kaɗan yake ci, sai a ƙarfafa shi da gyaɗa, waken suya, ƙwai ko ɗan manja.

Bayan abinci akwai wanka, da canjin kunzugu ga yaron da ya wuce shekarun kunzugu, da miƙar da gaɓoɓi safe da yamma. Da dare sai an tashi an juya shi don kada kwanciya a gefe guda ta zama gyambo. Idan yana da farfaɗiya, wadda ke samun kamar ɗaya cikin huɗu na masu galahanga, akwai maganin da ba a tsallake shi ko da rana ɗaya, domin yanke shi kwatsam yana tayar da ciwon fiye da da.

Duk wannan a kan wa yake? Kusan kullum a kan uwa. Ita ce ta bar sana'arta, ita ce ta daina zuwa biki da suna don gudun kallo da tambaya. Yaro yana girma yana ƙara nauyi, bayanta yana ƙara ciwo. Kuɗin adaidaita sahu zuwa gashi, kuɗin magani da na famfas sukan cinye abin da ake samu, har a fara tsallake ranar asibiti. Wani lokacin yayarsa mace ce ake cirewa daga makaranta ta zama mai reno. Idan kuma aka yi rashin dace da dangin miji, sai a fara cewa, "Mu dai ba mu da irin wannan a danginmu." Aure da yawa ya mutu a kan wannan magana. Akwai kuma mazan da suka tsaya tsayin daka, su ne masu saɓa yaro a kafaɗa zuwa asibiti, su ne masu tashin dare. Bambancin gidajen nan biyu ana ganinsa a fuskar uwa da jikin yaron.

"Ɗan ruwa ne"

Babu kalmar da ta cutar da waɗannan yara kamar wannan. An daɗe ana cewa aljanu ne suka musanya jaririn, har a ba iyaye shawarar su kai shi bakin kogi ya koma inda ya fito. Yaron da aka ajiye a bakin ruwa ba ya komawa ko'ina, mutuwa yake yi, kuma ran ɗan Adam ne aka salwantar. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, uwar da ke irin wannan jinya kuwa ta fi kowa buƙatarta. Abin gudu shi ne mai karɓar kuɗi da alkawarin yaro zai miƙe ya taka cikin kwana arba'in. Har yau babu maganin da ke mayar da ɓangaren ƙwaƙwalwar da ya lalace, kuma kuɗin da aka kai can su ne na abinci da kujerar yaron.

Binciken likitoci ya nuna cewa cikin masu galahanga kamar ɗaya cikin uku ba ya tafiya, ɗaya cikin huɗu ba ya magana, amma kusan rabinsu basirarsu daidai take da ta kowa. Ma'ana, yaron da ake zancensa a gabansa ana cewa "ai ba ya ganewa" yana iya zama yana jin komai. Christy Brown, wani mai galahanga da aka haifa a Dublin ta ƙasar Ayalan a 1932, ƙafarsa ta hagu kaɗai yake iya sarrafawa. Mahaifiyarsa ta ƙi yarda a kai shi gidan ajiye nakasassu. Yana ɗan shekara biyar ya fizgi alli da yatsun ƙafa ya yi zane a ƙasa, a 1954 kuma ya wallafa tarihin rayuwarsa. Ba kowane yaro ne zai zama marubuci ba, kuma darajarsa ba ta rataya a kan haka ba. Amma kowane yaro yana da hanyar da yake cewa e da a'a: kallo, murmushi, juyar da kai, ko nuna hoto a kan kwali. Sai an yi masa magana an jira amsa kafin a gano ta.

Abin da ke hannu, da abin da ke kan hukuma

Kujerar da ta tokare ƙugu da baya da kai tana sauya rayuwar yaro, domin daga kallon rufin ɗaki ya koma kallon fuskokin mutane, ya kuma ci abinci ba tare da ƙwarewa ba. Kafintan unguwa zai iya yinta idan mai gashi ya auna masa. A Zimbabuwe aka fara dabarar yin irin waɗannan kujeru da kwali da takarda da ƙullun fulawa, kuma ta bazu zuwa ƙasashe da dama. A Ghana an gwada haɗa iyaye ƙungiya-ƙungiya ana koya musu ciyarwa da zaunarwa da wasa da yaro, aka ga hankalin iyayen ya fi kwanciya, ko da jikin yaran bai canza sosai ba. Uwar da ta ga wata mai irin goyonta ta san ba ita kaɗai ba ce.

Ta fuskar doka, Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa a 2010. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna musu wariya, wadda ta tanadi ilimi kyauta har sakandare, ta kuma ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyoyin shiga. An kafa hukumar ƙasa mai kula da su a 2020. Wa'adin shekara biyar ɗin ya cika, amma uwar da ke ƙauye har yanzu sai ta yi tafiyar sa'o'i kafin ta ga mai gashi. Abin da gidajen nan ke nema ba shi da wuyar faɗa: fitilar shawara mai aiki a kowane babban asibiti, mai gashi a matakin ƙaramar hukuma, maganin farfaɗiya cikin inshorar lafiya, da makarantar da keken yaro zai iya shiga. Hukuma ta ɗauki nauyin masu nakasa ba baƙon abu ba ne a tarihinmu na Musulunci. Masana tarihi sun ruwaito cewa Halifa Walid ɗan Abdulmalik, wanda ya yi mulki daga 705 zuwa 715, ya sa an ba kowane gurgu mai yi masa hidima, kowane makaho ɗan jagora, daga baitulmali.

Kafin hukuma ta iso, akwai mu. Mun iya cewa, "Allah ya ba ki ladan haƙuri," kuma addu'a ce mai kyau. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kakar da ta koyi yadda ake ba shi kunu, kawun da ya ɗauki nauyin kuɗin mota ranar gashi, malamin allon da ya ce a kawo shi ya zauna cikin yara ya ji karatu, kowannensu ya rage wani abu daga bayan uwar nan. Sai kuma maƙwabciyar da za ta yi sallama da hantsi, ta gaishe da yaron da sunan da aka raɗa masa, ta shimfiɗa tabarma ta ce, "Maman Abba, kwance shi ki ba ni. Je ki kwanta ki huta, ina nan har azahar."