Ƙarin Karatu a Fannin Haraji da Aikin Akanta: Bayani ga Jama'ar Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Kamar yadda aka sani, a ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kasonsu na asusun tarayya kai tsaye. Haka kuma a watan Yunin 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji guda 4, waɗanda aka tsara fara aiki da wasu daga cikinsu daga Janairun 2026. Waɗannan abubuwa biyu sun ƙara wa ma'aji da odita da mai karɓar haraji nauyi. Jami'in da ke yankar rasit a kasuwar Sheme ko ta 'Yankara yana buƙatar sanin wane kuɗi ne doka ta ba ƙaramar hukuma, wane ne kuma na jiha ko na tarayya.

Saboda haka muke kira ga ma'aikata da matasanmu masu digiri da su nemi ƙarin ilimi, amma su fara tantance irin karatun da ya dace da aikinsu. Digiri na biyu iri biyu ne. Akwai na bincike, wanda ake rubuta kundi a kare shi gaban malamai. Shi ne hanyar mai son koyarwa a jami'a ko kaiwa ga digirin digirgir. Akwai kuma na ƙwarewar aiki, wanda darussan aji suka fi yawa a cikinsa, kuma galibi akan tsara shi domin masu aiki. A ganinmu wannan na biyun ya fi amfani ga ma'aikacin baitulmali. Sai dai a lura, jami'o'i da dama ba sa karɓarsa shi kaɗai wajen shiga digirin digirgir.

Sashen Akanta na Jami'ar Bayero da ke Kano yana da digiri na biyu na musamman a kan haraji da tattara kuɗin shiga, da wani a kan kula da baitulmali. Ga mutanen Faskari da Sabuwa kuwa, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka kafa a 1962, ita ce ta fi kusa ta hanyar Funtuwa. Cibiyarta ta Kongo ce ta horar da ma'aikatan En'e tun zamanin Turawa. A cikin jiharmu akwai Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, ga kuma Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa ga wanda ba zai iya barin gida ba. A duba sanarwar kowace shekara, domin kwasa-kwasan da ake buɗewa sukan canza.

Wanda yake da babbar difloma ta kwalejin fasaha, ko digiri a wani fanni dabam, sai ya fara yin difloma ta gaba da digiri, wadda takan ɗauki kimanin shekara guda. Ana kuma neman takardar hidimar ƙasa ko ta yafewa.

Digiri kaɗai ba ya mai da mutum ƙwararren akanta a idon doka. Wannan hurumin ƙungiyoyin sana'a ne: ICAN da aka kafa a 1965, da ANAN mai kwaleji a Kwall kusa da Jos, sai CITN ta masana haraji, wadda doka ta amince da ita a 1992. Kowace tana da jarrabawarta da sharuɗɗanta.

Daga ƙarshe, muna tunatar da ma'aikatan ƙananan hukumomi da su nemi izinin tafiya karatu a rubuce daga Hukumar Kula da Ma'aikatan Ƙananan Hukumomi ta Jiha kafin su biya kuɗin rajista, domin wanda ya tafi ba da izini ba yana iya samun cikas wajen sanya takardar a fayil ɗinsa lokacin ƙarin girma.