Fanka na juyawa, allo baƙi ƙirin: kada ka yi saurin cewa an cuce ka

Matasa da yawa a zangunanmu sun daina sayen kwamfutar tebur a haɗe. Mutum zai tara kuɗi, ya je Kwame Nkrumah Circle a Accra, ya sayi madabod nan, furosesa can, katin hoto na hannu a wani shagon, ya dawo gida ya haɗa da kansa. Ya fi araha, kuma ni ina goyon bayan hakan. Matsalar tana zuwa ne ranar kunnawa: fitila ta kama, fanka na juyawa, amma allo ko gezau. Daga nan sai zargi ya fara, wai mai shago ya ba shi mataccen kaya.

A cikin irin waɗannan da ake kawo mini, kaɗan ne ƙwarai kayan suka mutu da gaske. Shi ya sa nake cewa a fara da abin da ba ya cin ko kwabo.

Da farko leƙa bayan akwatin. Wuri biyu ne ake iya soka wayar allo: na sama, kusa da ramukan USB, na madabod ne, na ƙasa, a kwance, na katin hoto ne. In ka sa katin hoto, to wayar can ƙasa za ta shiga. Wani ɗan ƙanena da ke aikin tace bidiyon biki da suna ya kwana biyu bai yi barcin kirki ba, ga aikin mutane a hannunsa, har ya fara neman rancen sayen wani kati. Da na je sai na zare wayar daga sama na mayar ƙasa. "Kawu, shi ke nan?" Na ce shi ke nan.

Dalilin kuwa, ramin madabod ba ya fitar da hoto da kansa, aron na furosesa yake yi, kuma ba kowace furosesa ce ke da shi ba. A kayan Intel, duk wadda sunanta ya ƙare da F, kamar Core i5-12400F, ba ta da sashen hoto sam. A na AMD, Ryzen 5 5600 da 5600X ba su da shi, sai mai G a ƙarshe, irin 5600G. Wanda ya sayi irin waɗannan babu katin hoto, ko shekara zai yi yana danna maɓalli ba zai ga komai ba.

Sai batun allon kansa, kuma a nan ne namu ya bambanta da abin da ake gani a bidiyon Turawa. Yawancinmu tsohuwar monita muke da ita, mai shuɗin kai na VGA. Shi VGA tsohon tsari ne, tun 1987 IBM ta fito da shi, kuma siginarsa ba irin ta HDMI ba ce. Katunan NVIDIA daga jerin GTX 10 na 2016 zuwa sama sun daina fitar da wannan tsohuwar sigina. Saboda haka ɗan mahaɗin nan na roba da ake sayarwa a tire, mai juya DVI zuwa VGA, ba zai yi aiki da su ba. Sai ka nemi wanda ke da ɗan inji a ciki, mai sauya siginar da gaske. Kafin ma ka saya, ɗauki akwatin ka jona shi da talabijin ɗin falo ta HDMI, ka zaɓi lambar ramin da ka soka a rimot. In hoto ya fito, ka san kwamfutarka lafiya lau take.

Idan har yanzu shiru, kashe wuta daga bango, zare waya, sannan ka buɗe. RAM ce babbar mai laifi. Tana iya zama kamar ta shiga alhali gefe ɗaya bai zauna ba. Cire ta, mayar da ita, danna da ƙarfi har ka ji ƙas. Madabod mai ramuka huɗu yawanci ya fi son na biyu da na huɗu in ka ƙirgo daga wajen furosesa. Ni dai da sanda ɗaya nake gwadawa, in bai yi ba in canza da ɗayar. Kuma mai sabuwar DDR5 ya yi haƙuri: kunnawar farko tana iya ɗaukar mintuna allo na baƙi, inji yana daidaita kansa ne. Masu gajen haƙuri suna kashewa a tsakiya, su sake, su kashe, su ce ba ya yi.

Duba wayoyin wuta kuma. Ban da babbar mai ramuka 24, akwai mai 8 ta furosesa a saman madabod, can lungu, wadda ake yawan mantawa. Katin hoto ma, ramin da yake zaune wat 75 kawai yake ba shi. In yana da wurin waya mai 6 ko 8 a gefensa, dole a soka. A nan ina da ƙorafi: mutum zai kashe dukiya a kan kati, sannan ya sayi akwatin wuta marar suna mafi arha a kasuwa. A garin da wuta ke ɗaukewa tana dawowa da ƙarfi, wannan ganganci ne.

Madabod da yawa na yanzu suna da ƙananan fitilu huɗu a gefe, an rubuta CPU, DRAM, VGA, BOOT. Wadda ta tsaya a kunne, nan matsalar take. In ta CPU ce, tambayi shekarun kayan. Madabod B450 ya fito a 2018, Ryzen 5000 kuwa sai ƙarshen 2020, don haka wanda ya daɗe a kwali ba zai gane sabuwar furosesar ba sai an sabunta masa BIOS. Wasu suna da maɓalli a baya da ke yin haka da filashi kawai. Waɗanda ba su da shi sai an ari tsohuwar furosesa. Kayan hannu kuma sukan zo da saitin tsohon mai su. Cire ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, ka bar shi minti biyar, ka mayar.

Akwai wanda nasa yana nuna tambarin kamfani, sai Windows ta fara tashi allo ya ɗauke. Yawanci wannan ba ƙarfe ba ne, manhajar katin ce. A shiga ta Safe Mode a goge ta, a sauko da sabuwa daga shafin kamfanin.

Sai an bi duk wannan ne zan ce a koma shago. Ka tafi da katin da RAM ɗin da rasit, ka ce wa mai shagon, cikin mutunci, ya sa su a nasa injin a gabanka, ɗaya bayan ɗaya.