Shiga Gari Bayan Kaka: Hattara Ga Matasan Kura da Bunkure

Da an fara lodin tumatir a Kwanar Gafan, aka yanke alkama a Kadawa, sai ka ji samarin Kura da Bunkure da Garun Malam suna shirin shiga garin Kano. Ba laifi. Wanda ya kwashe watanni yana ban ruwa cikin sanyin hunturu, ƙafa a taɓo tun asuba, ya isa ya huta yini guda ya ci mai daɗi. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, zamanin Audu Bako, gumin wannan yanki ne ke cika kwandunan kasuwar 'Yan Kaba. Sai dai ɓata-garin birni ma sun san lokacin da kuɗi ke shiga hannun manomi, kuma jiransa suke yi.

Don haka kada ka shiga da kuɗin noman rani gaba ɗaya a aljihu. Ware na mota da abinci da sayayya, sauran a bar su a banki ko a gida. Idan ka sauka a Na'ibawa ko Unguwa Uku, kada ka tsaya ƙirga kuɗi a bakin titi. Tun 2013 aka hana acaɓa a birnin, saboda haka Adaidaita Sahu za ka hau, kuma a nan 'yan sane suka fi cin kasuwa. Za ka tarar da mutum biyu a baya, a matsa maka, a yi ta ce maka "gyara zama", can direba ya ce ba nan ya nufa ba, ka sauka. Kafin ka laluba aljihu sun ɓace. In ka ga haka tun farko, bar shi ya wuce, wani na tafe.

Yawon ganin gari da safe ya fi. Kasuwar Kurmi, wadda ake danganta kafuwarta da Sarki Muhammadu Rumfa, tana kusa da Jakara inda gurasa ta yi suna. Ga Gidan Makama, ga Dutsen Dala ga mai ƙarfin gwiwa, ga marinar Ƙofar Mata, ko da yake ba mutumin Kura za a koya wa rini ba, tunda rawani ɗan Kura har Agadas ya kai. Mai sayen atamfa ya nufi Kantin Kwari, ya taya a shago biyu ko uku kafin ya biya. Mai sayen waya kuwa, in ya je Farm Centre, ya saya a shago ya karɓi rasit. Wayar da wani ya tare ka da ita a hanya kan rabin kuɗi, galibi ta ƙwace ce, kuma ranar da aka bi sawunta, a hannunka za a same ta.

Abinci shi ne abin da ya fi jan baƙo, shi ne kuma inda aka fi sakaci. Waina da miyar taushe, ɗan wake, gurasa bandashe, balangu, kilishin Agadasawa, duk akwai su. Ka ci abin da aka sauke daga wuta a gabanka. Naman da aka shanya tun rana, ƙuda na bi, aka ɗumama da yamma aka bulbule da yaji, yajin ba ya kashe cuta. Latas da kabeji ma a kula. Kai da kake nomansu ka fi kowa sanin cewa sai an wanke su da ruwa mai tsabta. Abin sha ya fi haɗari, domin ba ka ga yadda aka haɗa ba. A 2021 ɗaruruwan mutane sun kwanta asibiti a Kano, wasu suka rasu, bayan shan lemon da aka haɗa da gurɓataccen ɗan tsami. Amai da fitsarin jini ne alamomin da aka gani a jikinsu. Zoɓo ko kunun aya a tsohuwar robar da ba ka san inda aka tsinto ta ba, gara ka haƙura da shi. Idan amai da gudawa suka kama ɗayanku, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari, a wuce Asibitin Murtala ko wani mafi kusa, kada a ce sai an koma gida.

Dare kuma wani abu ne daban. Fitilun Zoo Road da masu tsire da shayi suna da daɗin kallo bayan magariba, amma lokacin ne masu ƙwacen waya ke fitowa, da wuƙa a jikinsu. Kada ka riƙa latsa waya kana tafiya, kuma in aka tare ka, miƙa musu. Mutane sun rasa rai a kan waya. Abokin da ka haɗu da shi yau, yake cewa zai kai ka gidan gala ko mashaya a Sabon Gari, aljihunka yake so. Dokar jihar ta hana giya, Hisbah na kai samame, NDLEA na kama masu tramol da kodin, kuma babu mai sauraron cewa kai baƙo ne. Abin kunya ne a ce sai dattijo ya taso daga Bunkure ya zo belinka.

A Yulin 2022 gwamnatin jiha ta hana Adaidaita Sahu zirga-zirga daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe, don haka wanda ya yi jinkiri zai iya rasa abin da zai kai shi tasha. Titin Zariya ma da dare na tireloli da tankoki ne. Mafi sauƙi ku ƙetare gadar Tamburawa da sauran haske. In kwana ya kama, a kwana gidan ɗan'uwa da aka sanar tun da rana, a kuma rubuta lambarsa a takarda, don idan waya ta tafi, lambobin da ke cikinta sun tafi tare da ita.