Mi za ka shibka kusa da itacen inuwa?

Ɗan'uwa manomi, ka kewaye sabuwar garka, ka karɓo ƴan itatuwa wajen ma'aikatan gandun daji, ka dasa. Madalla. Yanzu kana duban filin da ya rage tsakaninsu, kana so ka cika shi da lalle da zogala da furanni. Dakata tukuna. Dogon yaron da bai kai gwiwarka ba yau, nan da shekara 5 ya fi ɗakinka tsawo, saiwarsa kuma ta wuce iyakar inuwarsa. Duk abin da ka dasa gindinsa, tare za su raba ruwa, kuma babba ne zai kwashe rabo mai yawa.

Don haka ka bar metir 5 tsakanin dogon yaro da ƙananan itatuwa. Ƙarƙashinsa wurin tabarma ne da randa. Turare ya fi shi ma shan ruwa: kai shi can ƙarshen garka, nesa da rijiya.

Gawo dabam yake. Idan ka iske shi cikin filin, kada ka sare. Da damina yana zubar da ganye, rana ta sami shibka, ganyen ya zama taki. Da rani kuma ya yi inuwa, lokacin da na'a-na'a da salati ke bukatar a sassauta musu zafi.

Lalle rana yake so. A inuwa sai ya miƙe siriri, ganye kaɗan. Jera shi ta gabas da arewa, inda iskar hunturu ke shigowa, santimetir 50 tsakanin gindi da gindi. Ka riƙa aske masa kai don ya cika ya zama shinge. Furensa na da ƙanshi, uwargida kuma ta sami na kaiwa kasuwa. Zogala ita ma ƴar rana ce. In ta kai ƙirjinka, datse ta, ta yi rassa inda hannu ke kaiwa. Daga waje sa aguwa ta tare awaki. Ita reshe ake yankewa a kafa cikin watan 5, kafin ruwa ya sauka, don laima mai yawa na ruɓar da shi.

Ga inda nake son ka kula ƙwarai. Kariya tana da kyau, tana yin jan fure tsakar rani, ba ta neman ruwa. Amma ruwan jikinta dafi ne, da shi maharba ke shafa kibiya a da. Ƴaƴan cin da zugu kuma suna kama da abin ci, yaro ya tauna su sai amai da zawo mai tsanani. Garkar da yara ke shiga, a ganina ka haƙura da su biyun nan.

Shekara 2 na farko, tun itatuwa ba su yi inuwa ba, kada ka bar filin banza. Shibka wake, gujiya ko yakuwa, ka bar metir 1 kewaye da kowane dashe, kana nome shi.

Lalle da zogala, ka jira damina ta zauna, cikin watan 7. Gina rami santimetir 40, gauraya ƙasar da ruɓaɓɓen taki, don ɗanye na jawo gara. Cire leda ba tare da ƙasar ta watse ba, ka dasa da marece, ka ba shi ruwa nan take.