Gubar da Ke Kwance a Lakar Kogi: Darasi Daga Kogin Hadsan

1.0 Gabatarwa

Hausawa kan ce ruwa ba ya tsami banza. To amma akwai tsamin da ido ba ya gani, harshe kuma ba ya ɗanɗanawa, domin yana kwance ne a lakar da ke ƙarƙashin ruwan. Wannan maƙala za ta yi bayani a kan wasu sinadarai masu guba waɗanda ba sa ruɓewa da wuri, irin su DDT da PCB da lindan, ta kuma nuna cewa haɗarinsu ya fi rataya ga kason da ke iya fita daga laka ya shiga jikin mai rai, fiye da yawan da ke jibge a cikinta.

2.0 Yadda Guba Ke Sauka a Laka

Ɗabi'ar waɗannan sinadarai ita ce ƙin narkewa a ruwa da son kitse. Saboda haka, da zarar sun shiga kogi sai su manne wa ɓurɓushin ruɓaɓɓen ganye da ƙurar gawayi da ke yawo a cikinsa, su nutse tare da su. A can ƙasa babu hasken rana, iska kuma kaɗan ce, don haka sukan yi shekaru gommai ba su lalace ba. Ke nan ana iya auna ruwan sama a same shi kusan garau, alhali lakar ta zama rumbun guba.

3.0 Kason da Ke Shiga Jiki

A ƙaddara an ɗebo laka daga wurare biyu, awo ya nuna gubarsu daidai take. Ta farko yashi ce tsagwaro, ta biyu kuwa baƙa ce mai yawan gawayi. Ta farko ta fi haɗari, domin yashi ba ya riƙe guba, yakan sake ta cikin ɗan ruwan da ke tsakanin ƙwayoyinsa. Ta biyu ta damƙe tata, kuma gwargwadon daɗewar guba a cikinta, gwargwadon wuyar fitarta. Wannan ne ya sa masana suke auna ruwan tsakanin ƙwayoyin laka da jikin tsutsotsin da ke zaune a ciki.

Abin da ya fita kuwa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Tsutsa da katantanwa su sha, ƙaramin kifi ya ci su, babban kifi ya ci ƙarami, sannan tsuntsu ko ɗan Adam ya ci babban. Da yake jiki ba ya iya fitar da gubar da sauri, sai ta taru a kitse, tana ninkuwa daga mataki zuwa mataki, har ta kai ga nonon uwa.

4.0 Misalin Kogin Hadsan

Daga 1947 zuwa 1977, masana'antu biyu na kamfanin General Electric da ke Jihar Niyok ta Amurka sun zubar da PCB a Kogin Hadsan, wanda aka ƙiyasta ya kai kusan tan 600. Yawancinsa ya taru a bayan wata tsohuwar madatsar ruwa da ke Fot Edwad. Da aka rushe madatsar a 1973, sai lakar ta kwarara ta bazu ƙasa. A 1976 hukuma ta hana kamun kifi a sashen kogin na sama, masunta da dama kuma suka rasa sana'arsu.

Daga 2009 zuwa 2015 aka yi aikin yashe kimanin kilomita 64 na kogin, aka kwashe laka fiye da mita kubik miliyan 2. A shekarar farko sai da aka dakatar da aikin na ɗan lokaci, saboda tonon ya tayar da gubar da ke kwance ta koma cikin ruwa. A wasu wuraren kuma rufe lakar aka yi da yashi da duwatsu. Duk da wannan ɗawainiya, har yau ana gargaɗin mata masu haihuwa da yara su guji cin kifin kogin.

5.0 Kammalawa

Yarjejeniyar Istokholm ta 2001, wadda ta fara aiki a 2004 kuma Nijeriya ke cikinta, ta ɗaura yaƙi da waɗannan sinadarai, a 2009 kuma aka sanya lindan a jerinsu. Lindan shi ne sinadarin Gamalin 20, wanda wasu suka riƙa zubawa a kogunanmu don kashe kifi. Man tsofaffin taransifoma kuma yakan ƙunshi PCB. Tarwaɗa da gaiwa, waɗanda talaka ya fi samu, a laka suke kiwo. Ya kamata masu bincikenmu su riƙa auna laka da naman kifi tare da ruwa, hukumomi kuma su binciki laka kafin a yashe kogi ko a buɗe madatsa. Hana guba ya sauƙaƙa a kan takarda. Wadda ta riga ta kwanta a laka kuwa, jikokinmu ne za su gaje ta.