Kafin A Shiga Tiyata: Abin Da Likita Yake Nema A Bakin Mara Lafiya

Duk wanda ya taɓa zaman jinya a Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, ko na Yusuf Ɗantsoho da ke Tudun Wada, ya san hirar da ake yi a kan benci. Wani yana ƙorafin an sa ranar aiki, sai ga takardar gwaji, wai dabarar tatsar kuɗi ce. Na kusa da shi kuma haushinsa daban: an yi wa mahaifinsa aikin yanar ido ba a ko ɗauki hoton ƙirjinsa ba.

Na farkon ya ɗauka gwaji ciniki ne kawai, na biyun kuma ya ɗauka yawan gwaji ne ma'aunin kulawa. Ba haka ba ne. Bakaniken da zai duba motar da za ta je Zariya daga tashar Kawo ba irin duban mai tafiya Legas zai yi mata ba. Tela ma ba ya yanka wa yaro da dattijo yadi ɗaya. Haka likita yake duba girman aikin da ƙarfin jikin mai shi. Saurayi lafiyayye da za a cire wa ɗan ƙari ba ya buƙatar abin da dattijuwa mai hawan jini da ciwon suga take buƙata kafin a buɗe mata ciki. A shekarar 2000 an wallafa wani bincike a Amurka kan aikin yanar ido sama da 19,000, aka ga gwaje-gwajen da ake yi wa kowa bai ɗaya ba su rage matsala ba. Amma a nan ƙasar, inda sikila da ƙarancin jini suka yawaita, sanin yawan jini da rukuninsa kafin babban aiki ba abin ciniki ba ne.

Gwajin da ya fi kowanne muhimmanci kuwa kyauta ne, kuma shi aka fi yi wa ha'inci: tambayoyin likitan sa barci. Zai tambayi magungunan da ake sha, sai a ɓoye jiƙo da tsimi don jin nauyi, matashi ya ɓoye tiramol da shisha don yayansa na tsaye a wurin. Alhali jikin da ya saba da tiramol ba ya karɓar maganin kashe zafi kamar na kowa, wasu sauyoyin kuma suna hana jini daskarewa da wuri.

Sai batun abinci, inda tausayi yake zama haɗari. An ce kada a ci komai, uwa ta ga ɗanta yana kuka, ta ba shi koko a ɓoye. Idan maganin barci ya kama mutum, maƙogwaronsa ya daina tsare hanyar numfashi, kamar mai gadin da barci ya kwashe a bakin ƙofa. Abin da ke ciki yana iya tasowa ya gangara huhu. Tun 1946 likita Curtis Mendelson ya bayyana wannan a Niyok, cikin mata 66 masu haihuwa. Ƙa'idar yau ita ce awa 6 ba abinci, awa 2 ba ruwa, kuma koko da fura abinci ne.

Asibitoci ma suna da nasu laifin. Miƙa takarda ba tare da bayani ba shi ke haifar da zargi, kuma akwai masu zaman kansu da ke jibga gwajin da ba zai sauya komai ba. Matsalar kuma ba ta tsaya kan gwaji ba: binciken da mujallar Lancet ta buga a 2018 daga ƙasashen Afirka 25 ya nuna haɗarin mutuwa bayan tiyata a nahiyar ya ninka na duniya, ko da yake marasa lafiyarmu sun fi ƙuruciya.

Mai jinya yana da haƙƙin ya tambayi amfanin kowane gwaji. Ya kuma zo da kwalayen magungunan gida duka, har da gorar jiƙon, ya ajiye su gaban likita.